Ƙugun Kanar

Daga shago, wata na goma sha huɗu da rufe hanya

Zuwa ga ƙanena Lauya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa don kada a tayar wa na nesa hankali. Gwiwata tana nan da halinta. Keken ɗinki ma ya tsufa kamar ni, sai an lallashe shi da mai kafin ya yarda ya motsa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Tun da aka datse layukan waya muka koma zamanin kakata da kakarka, waɗanda suka fito ɗaki ɗaya, aure ya raba su, ba su da wata hanya sai saƙo a hannun matafiyi. Direban motar da ke kawo magani ne zai kawo maka wannan. Ta hannunsa za ka amsa. Kada ka bi ta gidan waya, duk abin da ya bi ta can sai an karanta shi a bariki tukuna.

Maganar Innar yara ce ta sa na ɗauki biro. Wata biyar ke nan tana cewa gani take kamar ta cikin bututu, tsakiya garau, gefe duhu. Ka san ita ke sa mini maɓalli da kalmasa bakin riga da hannu tun muna da sauran baƙin gashi. Yanzu sai ta miƙo mini allura in zura mata zare, tana cewa wai masu yin allura ne suka rage ramin saboda yaƙi. Malamin asibiti guda da ya rage mana ya duba ta, ya ce hawan jinin ido ne, sai an yi aiki, kuma a garinku kaɗai ake yi. Ka nema mana likita.

Fita daga garin nan sai da takarda mai sa hannun Kanar, shi ke riƙe da bariki da mu baki ɗaya. A nan Allah ya yi mana gata, don ni ne telansa. Ba ni na nema ba. Telan bariki ne ya gudu, aka zo aka tsaya a kaina da bindiga aka ce an ba ni girma. Kanar ya yi mini alkawari, in na gama masa kaki uku a ƙarshen wata zai sa hannu.

Za ka so jin yadda yaƙi ke tafiya. Jarida ba ta zuwa, ni da tef nake auna shi. Ran da Kanar ya fara shigowa shagona ƙugunsa inci talatin da biyu ne. Shekaranjiya arba'in da ɗaya na samu. Mutanen unguwa kuwa kullum wando ake kawo mini in rage. Da ƙyallen da nake yankewa daga nasu kalar kaki ne, da shi zan riƙa ƙara nasa, ba sai an nemo yadi ba.

A bencin ƙofar shago kullum musu ake. Wanzami yana bayan soja, ya ce farar hula ne suka yi ta surutu a majalisa har wuta ta kama ƙasa ba su ji ƙauri ba. Mai gyaran rediyo ya ce sojan da suka ce wata shida za su yi su gama da 'yan tawaye, ga shi ana shekara ta uku. Ni in aka juyo kaina sai in cika bakina da fil.

Innar yara tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko har yanzu a tsaye kake cin abinci.

Yayanka,
Tela

*

Yaya,

Wasiƙarka ta iso ni, na karanta sau uku. Muna lafiya, sai ɗan tarin da ya zagaya yara ya wuce. Ka gaya wa Inna har yanzu a tsaye nake ci. Ban manta shekara uku da na yi a gidanku ina makaranta ba, farar rigata guda ɗaya tak, amma ban taɓa fita da ita da datti ba.

Na samu likita, mutumin kirki ne. Ya ce abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, aikin tsayar da sauran ne, don haka kada a wuce wata uku. Ɗakin baƙi yana jiranku.

Yaya, wannan takardar da kake jira ita ce duk abin da muke faɗa a kai. A ce tsohuwa ba za ta je asibiti ba sai wani mai kaki ya ga dama? Farar hula sun yi ɓarna, ban musa ba, amma ɓarnarsu ana iya tsayawa a kasuwa a zage su a kanta, a kuma kore su da ƙuri'a. Wa ke korar mai bindiga? Ina cikin kwamitin masu neman a mayar da mulki hannun jama'a, kuma kowace Asabar da yamma muna muhawara da kakakin soja a rediyon ƙetaren iyaka.

Yanzu ga abin da zai ba ka dariya. Asabar da ta wuce kakakin ya yi ta zuba lissafi, wai soja sun ciyar da garuruwan da ke bayan shinge, irin naku da aka rufe wa hanya. Na ce masa ni ma ina da lissafi, daga wani tela. Na kawo masa talatin da biyu da arba'in da ɗaya, da wandunan da ake ragewa. Yaya, har mai gabatarwa sai da ya kashe makirfo ya yi dariya. Yanzu a garin nan in mutane suka ga soja sai ka ji ana raɗa, wannan inci nawa ne? Abin da takardunmu ɗari ba su yi ba, tef ɗinka ya yi.

Kada ka damu, ban faɗi sunanka ba, ko sunan gari ban ambata ba.

Ƙanenka,
Lauya

*

Ta gidan waya

Zuwa ga Lauya,

Ina sanar da kai cewa maganar da na rubuta maka game da wani babban hafsan soja ƙarya ce, na ƙirƙire ta ne saboda hassada. Sojojinmu suna kwana da yunwa domin mu ƙoshi. Mulkin soja shi ne ya tsare mana rayuka da mutunci, kuma masu kiran a mayar da mulki ga farar hula a wannan lokaci suna taimakon 'yan tawaye ne. Ina buƙatar ka karanta wannan takarda da bakinka a shirin da ka karanta ta farko.

Tela

*

Ta gidan waya

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Na aiko ta gidan waya tun da na ga yanzu ita ce hanyarka.

Na ga takardarka. Rubutun hannunka ne, na san yadda kake karkata layi, don haka ba zan yaudari kaina ba. Ashe fil ɗin da kake cika baki da shi ba kunya ba ce, jira kake ka ga inda iska ta nufa. Ni ne mai taimakon 'yan tawaye? Ni da na binne abokan aikina biyu a kan wannan magana?

Da tsoro ne ya kama ka, da ka yi shiru, da na fahimta. Amma ka zauna ka tsara yabo, har da kwana da yunwa, kai da ka auna cikin da hannunka. An ce mini zama kusa da bariki yana canza mutum, ban ɗauka zai kai gidanmu ba. Me aka ba ka? Ɗinkin dukan bataliya?

Ba zan karanta ba. Ɗakin baƙi yana nan saboda Inna.

Lauya

*

Daga shago, wata na goma sha shida

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Gwiwa tana nan, keke yana nan, Innar yara tana nan. Na jera maka su tun daga farko don ka gane ni ne. Wasiƙar da ba gwiwa, ba keke, ba Inna, ba ko sallama, ka karanta ka ce tawa ce? Kai da aka ce aikinka ke nan, ka dubi takarda ka gane wadda aka sa hannu da wuƙa a wuya. Mako uku direba bai shigo ba saboda faɗan da ake a gada, shi ya sa ta bariki ta riga wannan.

Bari in ba ka labari a tsanake, yadda ya faru.

Ka ce ba ka faɗi sunana ba. Madalla. To kanar nawa ne a ƙasar nan suka tashi daga talatin da biyu zuwa arba'in da ɗaya, kuma tela nawa ne ke zagaya musu tef? Mu masu ɗinki awon mutum sirrinsa ne, ko matarsa ba ma gaya wa. Laifina ne da na saki baki ga ɗan'uwa. Kai kuma ka ɗauki lambar kamar yadda take, ko inci ɗaya ba ka sauya ba, don ku lauyoyi kuna son hujja daidai.

Ranar Litinin bayan shirin Kanar ya zo da kansa. Mutanen benci suka watse kamar an zuba musu ruwan zafi, wanzami har ya bar takalmi ɗaya. Ya shigo, ya cire hula, ya ɗaga hannuwa biyu.

Ya ce, "Auna."

Na auna.

"Nawa?"

"Arba'in da ɗaya, ranka ya daɗe."

"Haka na ji a rediyo."

Bai taɓa ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a kujerar masu jira ya ce mini ƙananan hafsoshinsa yanzu in ya wuce ƙasa suke kallo don kada dariya ta kufce musu, kuma daga hedikwata an kira shi an tambayi lafiyar cikinsa. Sannan ya zaro takardar Innar yara. An riga an buga ta, ga sunanta, ga hatimi, sa hannu kawai ya rage. Ya bari na karanta har ƙasa, ya ninke, ya sa a aljihun ƙirji, aljihun da ni na ɗinka na kuma ninka masa zare don kada ya yage. Ya ce in ɗauko biro. Ya faɗa, na rubuta. Ya ce ran da ya ji ta daga bakinka a rediyo, ran nan zai sa hannu.

Amsarka ma shi ya kawo mini, a buɗe. Ya ce ƙanen nan naka yana da zafi. Ban ji haushin zagin ba, ka yi shi ne cikin rashin sani. Yanzu ka sani.

Ka karanta, ƙanena. Ka ce tsohon ya ruɗe, ka ce maƙaryaci ne, ka ƙara duk abin da ka ga dama daga aljihunka. Shekarata sittin da takwas, sunana bai kai darajar ido ɗaya ba, balle biyu. Layi biyar ne, ko ruwa ba za ka nema ba kafin ka gama. Mako shida ya tafi cikin wata ukun likita.

Na gaya wa Inna komai, ban da zagin. Ta ce in kwantar da hankalina, yaron nan ba zai ƙi ba. Kai ne yaron, da furfurarka.

Yayanka,
Tela

*

Daga shago, wata na goma sha bakwai

Ƙanena,

Gaisuwa. Direba ya rantse mini a hannunka ya sa waccan, har ka ba shi ruwa ya sha. Don haka ban san me zan ce wa kaina ba.

Asabar uku ke nan muna zama gaban rediyo. Inna takan sa a ja mata kujera kusa, ta kafa kunne. Ta ce a ta biyu muryarka kamar da mura, a gaya maka ka rage ruwan sanyi. Duk sanda ka ce "kafin in rufe", sai ta kama hannuna. Sai ka rufe.

Ka iya magana, ban taɓa sani ba sai yanzu. Abin da ka faɗa kan ranar zaɓe ko wanzami sai da ya yarda da shi.

Idon hagu ya tafi. Ran Laraba ta zuba mini shayi a gefen kofi, ta ce tebur ne ya karkace. Na dama yana nan, kamar ramin maɓalli in ji ta. Kanar ya aiko da wando biyu a ƙara musu, ba saƙo.

Asabar tana zuwa.

Yayanka,
Tela

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da jiki. Na fara wannan wasiƙa sau biyar ina yagawa. Ka yafe mini zagin da na yi maka. Ran da na karanta taka na kasa shiga gida, a mota na zauna har aka kira ni.

Ba zan ɓoye maka ba. Na kai maganar gaban kwamiti, na karanta musu wasiƙarka tun daga gwiwa har ƙasa, akwai waɗanda suka yi hawaye. Muka yini a kanta. Nan da mako biyu za a zauna teburin sulhu. Muna da shaidar mutum ɗari huɗu kan abin da aka yi a garuruwan bayan shinge, kuma ni zan gabatar. In na fito da bakina na ce shaidar da ta fi kowace yawo ƙarya ce, soja za su ce sauran ma haka suke. Ba Kanar ɗinku kaɗai ke jiran layi biyar ɗin nan ba, hedikwatarsu ce ke jira. In teburin ya watse, mulki ya zauna musu shekara goma, shinge ya zauna tare da shi.

Na bi ta masu agaji, na bi ta wani tsohon janar da muka yi makaranta da ɗansa, duk sun ce takardar garinku a aljihu ɗaya take.

Yaya, gari goma sha ɗaya ne a bayan shinge, kowanne da Innarsa. Ka ba ni wata ɗaya. In aka sa hannu hanya za ta buɗe wa kowa, ba mai sake roƙon wani kanar. Ni da kaina zan zo da mota in ɗauke ta.

Ba zan iya karantawa ba. Allah ya sani ba don kaina ba ne.

Ƙanenka,
Lauya

*

Daga shago, wata na biyu da buɗe hanya

Lauya,

Ina gaishe ka da iyali. Wasiƙunka uku na baya sun iso, da saƙon cewa za ka turo mota. Kada ka wahalar da direba.

Ka ce in ba ka wata ɗaya. Huɗu aka yi, amma ban riƙe ka da wannan ba, na san teburin manya ba ya sauri. Abin da na daɗe ina juyawa shi ne, sau biyu kana karanta wa mutane wasiƙata, ta farko a rediyo, ta biyu a kwamiti, duk ban roƙe ka ba. Guda ɗaya da na roƙa ita ce ta gagara.

Mun ji an ba ka ma'aikata, Allah ya taya riƙo. Mun kuma ji an yi wa hafsoshi afuwa, Kanar ya koma hedikwata da ƙarin girma. Ran da zai tafi ya tsaya a ƙofar shago ya leƙo ta tagar mota ya tambayi jikin tsohuwa. Na ce da sauƙi. Ina jin yanzu kukan haɗu a wajen taro, ka gaishe shi.

Gaskiya kuwa, kasuwa ta cika, an daina harbi, yara sun koma makaranta. Wanzami da mai gyaran rediyo sun koma musu kan wanda za su zaɓa, da ƙarfi, ba mai waiwaye. Na zauna na auna maganarka ta gari goma sha ɗaya ta kowane gefe, ina neman inda ta karkace in kama ka, ban samu ba. Wataƙila kai ne da gaskiya. Da ƙarya ka yi da na fi samun sauƙi, don da na san inda zan ajiye ka. Sai dai su goma sha ɗayan ba su san an saye musu hanya ba, kuma wadda aka saya da idonta ba a tambaye ta ba. Kwamiti aka tambaya.

Mako na farko da buɗe hanya na kai ta garinku. Likitan naka mutumin kirki ne kamar yadda ka ce. Ya haska mata fitila a dama, ya haska a hagu, ya tambaye ta me ta gani. Ta ce ya kunna tukuna. Ya fitar da ni baranda ya ce da mun zo wata biyu baya. Ya riƙe mu kwana tara duk da haka, don a sauke hawan ya daina sa mata ciwon kai. Na roƙe shi kada ya gaya maka, na ga kuma ya cika.

Ɗakin da aka ba mu yana bene na biyu. Ta taga ana ganin ma'aikatarka a ƙetaren titi, da tuta, da masu gadi. Sau huɗu na ga ka fito daga mota. Ka yi ƙiba kaɗan, ya karɓe ka.

Ran da za mu taho tana zaune bakin gado, na ɗaura mata ɗankwali, sai ta ce tun da ga mu a garin yaron nan, ko za a kai ta ta ji muryarsa ba ta rediyo ba. Ta tambaye ni ko wurinka da nisa. A lokacin kana tsaye a matakala kana gaisawa da mutane.

Na ce mata da nisa.

Ta ce to a bar shi, yana da aiki.

Tela